Kwandalar Da Ta Yi Fari

Ƙaramin sikeli. Maganaɗisu. Gilashin dubawa. Safar hannu ta auduga. Kwandalar azurfa ɗaya a cikin akwatinta. Waya, a kashe.

Abin da ke jakata ke nan. Sai da motar haya ta ci rabin hanya na lura ko tsaraba ban riƙo masa ba. Mace mai zuwa wurin wanda take shirin aura ba haka take haɗa jaka ba. Na sani.

Matar da ke gefena ta leƙa jakar lokacin da nake laluben hankici, ta tambaya ko sayen zinariya nake yi. Na ce a'a. Ta jira ƙarin bayani, ba ta samu ba, ta koma ga barcinta.

Tun da na dawo daga karatu aiki biyu nake yi. Da rana ina ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ina duba jinin mutane. Da yamma ina kula da zauren masu tara tsofaffin sulalla a intanet. Wannan na sa kai ne, ladansa zagi. Mu uku ne masu kula: ni, da wata Hajiya da ba ta cika leƙowa ba, da Dakta, wanda har yau ba wanda ya san daktan mene ne. Mu goge tallan ƙarya, mu raba faɗa, mu kori 'yan damfara.

Amma tantancewa ba tamu ba ce. Ta Mai Agogo ce.

Gyaran agogo ne sana'arsa, a wani gari da ke nesa da namu. In aka ɗora hoton kwandala, kowa sai ya zuba surutunsa, sannan a yi tsit a jira shi. Ya ce ta gaske ce, a saya. Ya ce jabu ce, mai ita ya tattara kayansa. Ba shi da takardar shaida ko ɗaya. Maganarsa ce dai ba ta taɓa faɗuwa ba.

Wata rana na yi kuskuren shekarar wata kwandala a gaban jama'a. Bai gyara ni a zaure ba. Ya biyo ta gefe ya ce, Admin, ranki ya daɗe, ki sake duba lambar ƙarshe. Daga nan ya zama kullum akwai abin da zan sake dubawa.

Da maganar aure ta taso, Yaya ya ƙi tun ranar farko. Ya ce an kashe dukiya an tura ni ƙetare, na dawo na tsinto mai gyaran agogo a waya. Ga Dakta, abokinsa, mai mota da gidan kansa, ya yi maganar aurena ba sau ɗaya ba. Mama kuwa ba ta ce komai ba. Shirun Mama ya fi faɗan Yaya nauyi.

Ranar da Mai Agogo ya zo gaishe su aiki ya riƙe ni a asibiti. Kafin ya tafi ya bar wa Mama ɗan akwati a falo, a gaban Yaya da Dakta, ya ce kwandala ce, a ba ni. A waya ya gaya min abin da ke ciki: kwandalar kakansa.

Duk zauren sun san ta. Hotonta ne a kan sunansa. Baƙa wuluk, da ɗan shuɗi-shuɗi a gefe. Wannan baƙin da shekaru ke ɗora wa azurfa, mu a zaure "riga" muke ce masa, kuma dokar farko a zaurenmu ita ce ba a cire wa kwandala rigarta. Ba a wankewa, ba a gogewa, ko da yatsa ba a taɓa fuskarta. Sabon shiga ma ya san wannan.

Sai washegari Mama ta miƙo min akwatin.

Na buɗe.

Fara tas, tana sheƙi kamar sabon cokali.

Na daɗe ina kallonta. Mai Agogo zai yarda a yanke masa yatsa kafin ya wanke kwandala. To, in ba wankewa aka yi ba, saura abu ɗaya: ya ajiye ta gasken, ya ba ni kwaikwayo. Aikina ya koya min kada in yarda da fuskar mutum sai na ga sakamako. Na ɗauki hotonta a kan zanin gadona, na tura wa Dakta, na ce ya duba min a asirce.

Ba a jima ba wani sabon suna ya ɓulla a zaure. Ya jera hotuna biyu, baƙa da fara, ya rubuta cewa mutumin da kuke rantsuwa da shi ko budurwarsa jabu ya ba, ina ga ku.

Zaure ya kama da wuta. Wanda ya taɓa sayen abu bisa maganar Mai Agogo ya fara neman a sake duba masa. Waɗanda ya taɓa kunyatawa suka fito daga ramukansu. Na kira Dakta, ya rantse wayarsa ce aka taɓa a ofis. Ban yarda ba. Amma fitar da hoto daban, ƙaryar hoto daban. Doka ta ce wanda ake zargi a dakatar da shi har a gwada abin a gabansa. Dakta ya ce in hannuna ba zai iya ba, shi zai danna.

Ni na danna.

Mai Agogo bai kira ba. Saƙo ɗaya ya turo: "Admin, kawo ta."

Shagon nasa bai fi ɗakin girkinmu ba. Agoguna a bango, kowanne da lokacin da ya ga dama. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, farantin ƙananan sukurori, kujerar baƙo da aka ɗaure ƙafarta da waya. Ya amsa sallamata, ya tambayi Mama, ya tambayi hanya, ya ajiye min ruwa. Bai ce ya yi kewata ba. Ni ma ban ce ba.

Na jera kayana a teburinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya bi su da ido. Da ya zo kan maganaɗisun sai ya tsaya.

"Har da wannan?"

"Doka ce."

"Na san dokar. Ni na rubuta ta."

Na tura masa akwatin. Ya buɗe.

Na zo ne in ga fuskar mai laifi. Abin da na gani ya fi kama da fuskar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ɗauke ta ta gefe da yatsu biyu, ya kai ƙarƙashin fitila, ya juya ta a hankali.

"Wa ya yi mata haka?"

"Abin da na zo tambayarka ke nan."

Ya ɗago ya dube ni, sai na gane shi ma zargi yake. Ya tambaya ko Dakta ya taɓa riƙe ta. Na ce ko ganinta bai yi ba sai a hoto. Ya tambaya ko a can inda na yi karatu haka ake koya wa mutane, duk abin da ya yi baƙi datti ne. Na ce ya iya bakinsa. Ya ce ni ma in iya sikelina.

Na aza ta. Nauyi ya yi daidai. Na kara maganaɗisu, bai kama ba. Na ce masa jabu mai kyau ma tana tsallake waɗannan biyun, shi da kansa ya sha faɗa a zaure.

"Ashe kina saurare," in ji shi.

Ya ce in kunna wayata in buɗe tsohon hoton, in ja shi ya yi girma. Tsakanin harafin ƙarshe da bakin kwandalar akwai wani siririn layi kamar gashi, wanda ta fito da shi tun daga inda aka buga ta. Ya ce mai zuba jabu yana iya kwaikwayon rubutu, amma irin wannan layin dushewa yake yi a hannunsa. Ya miƙo min gilashinsa, ba nawa ba.

Layin na nan, tsaf, a inda yake a hoto. A kewaye da shi kuma ƙananan zane-zane, zagaye-zagaye, kamar an bi ta da buroshi.

Ita ce. An tuɓe ta ne kawai.

Na mayar masa da gilashinsa. Ya ɗauki tsinke, ya sa a cikin kwarmin wani harafi, ya ƙwaƙulo wani farin abu busasshe. Ya shinshina. Ya miƙo min.

Na'a-na'a.

Man goge baki.

Mutum ɗaya na sani a duniya da ke zama a bakin famfo da tsohon buroshi da man goge baki, tana dirzar 'yan kunnenta na azurfa duk ranar da za ta fita unguwa.

Na kira ta, na buɗe murya.

"Mama, akwatin nan da aka bar min... kin taɓa abin ciki?"

"Wannan baƙin ƙarfen? Ni na wanke mana. Sai da na yi sau uku kafin ya fita, hannuna har ciwo yake."

Mai Agogo ya rufe ido.

"Mama, don me?"

"Ke Auta, wane irin don me? Gwaggonninki suna ta waya za su zo ganin abin da ya kawo. In bar shi haka su koma suna cewa surukina ya tsinto abu a bola? Yaron kirki, ga ladabi, sai dai ba shi da mai yi masa wanki. Kina ina ne ma?"

Na ce zan dawo kafin magariba, na kashe.

Agogunan bango suka ci gaba da gardamarsu. Ya zauna ya dafe kai. Kafaɗunsa suna motsi, ban tantance dariya ce ko kuka ba, ban kuma tambaya ba.

"Surukina ta ce," in ji shi daga ƙarshe.

"Na ji."

"Kakana ya adana rigar nan, babana ya adana, ni na adana. Mama ta gama da ita kafin a sauke tukunya."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce na Mama ba komai, ita don ta rufa masa asiri ta yi. Sannan ya dube ni sosai.

"Naki ne ke ci min rai. Kin buɗe akwati kin ga abin da ba ki gane ba. Lambata na wayarki. Dakta kika tambaya."

Na ce haka ne. Na ce zan ɗora hoton layin da na farin abin, in faɗi wanda ya wanke, in faɗi wanda na tura wa hoto, in ɗage dakatarwar. Ya ce rabin zauren za su ce ina rufa wa saurayina asiri ne. Na ce shi ya sa a ƙarshen bayanin zan ajiye kulawar, su nemi wani. Na ce ba a zama alƙali a kan miji.

Ya ɗaga gira.

"Miji," ya ce.

"Kada ka sa in sake dubawa."

Ya mayar da kwandalar akwatinta, ya turo min. Ya ce tawa ce, in aka ƙyale ta za ta sake yin riga a hankali, sai dai mu ba lalle mu ga ta kai ta da ba. Na ce zan saya wa akwatin kwaɗo saboda Mama. Na fara tattara kayana. Da na kai hannu kan maganaɗisun sai ya riga ni, ya jefa shi a aljihun teburi.

"Wannan ya zauna a nan, Admin ɗina. Ba zan so in gan shi a ɗakinmu ba."

A mota na rubuta bayanin, na tura, na cire sunana daga masu kula. Kafin mu shiga gari wasu sun fara ba shi haƙuri, wasu suna cewa a kawo shaidar da ba ta soyayya ba. Hajiya ta leƙo, abin da ba ta saba ba, ta ce a aiko mata kwandalar ta duba da idonta. Na ce to.

Motar Dakta na ƙofar gida. Na same shi a falo tare da Yaya, ya zo jaje. Ya miƙe da fuskar tausayi, ya ce Allah ne ya kiyaye ni, gara yanzu da bayan aure. Ashe bai buɗe zauren ba tukuna.

Na tambaye shi wanda ya taɓa wayar tasa a ofis, ta yaya ya san wanda ya ba ni kwandalar, alhali ban rubuta a saƙon ba. Wannan a falon nan kaɗai aka faɗe shi, a gabansa.

Ya dubi Yaya. Yaya ya dubi silin.

Mama ta leƙo daga ɗakin girki, ta tambaya ko yaron ya ga yadda abin ya yi kyau. Na ce ya gani, ya kuma gode.

Dakta ya tuna yana da wani uzuri. Na raka shi har bakin ƙofa, na jira ya gama neman takalminsa. Na tura ƙofar, na sa sakata, na juyo.

"Yaya, Mai Agogo zan aura. Ka sanar da su Baffa."