Gwiwa Ba Ta Cikin Rantsuwa

"Sauko, tsoho! Sauko — hannu sama!"

Baffa Dogo ne ya daka tsawar, bakin bindigarsa a jikin gilashin farar Hilux. Da hantsi ne, ranar kasuwar Sassumbrum, a wani kwari inda yashi ke tilasta wa kowace mota rage gudu. Gero ya yi tsawo dama da hagu. Su uku ne suka gindaya kututturen gawo a hanya, kowa ya naɗe fuska da rawani: Mamadu shugabansu, wanda ba ya amsawa sai an ce masa Kumandan, Baffa mai bindiga, da Idrisa makanike, wanda tuƙi ne kawai aikinsa.

Mai motar ya fito a natse. Dattijo ne gajere mai tumbi. Ya yi musu sannu da aiki, ya nemi izinin ɗaukar butarsa da hularsa, ya kuma shaida musu makulli yana jiki, kada su wahala.

Idrisa ya gane shi. Malam Wakili ne, mai maganin basir na Dantchiao.

"Ja mu tafi!" in ji Mamadu. Baffa ya ture kututturen, ya haye baya cikin katan-katan ɗin kwalabe. Mota ta zabura.

Shekara biyu da suka wuce Idrisa yana da garejinsa a Magaria, kafin ɓarayi su fasa su kwashe masa kayan aiki har da guduma, shi kuma ya yanke wa kansa hukuncin cewa duniya ta nuna masa ɓangaren da ake ci. A garejin nan Malam Wakili ya kawo wannan motar tana sabuwa, ya ce a sa mata abin tsaro. Idrisa ya ce a sa jiniya. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shekararsa talatin yana yawon kasuwanni, bai taɓa ganin jiniya ta tara mutum ko ɗaya ba. In baƙauye ya ji ta, sai ya ce wani babba ne zai wuce, ya kauce ya ba da hanya. Ihun ɓarawo ma, in da bindiga, kowa ɗakinsa yake shiga. Kalma ɗaya ce tak ya sani wadda ke fito da mai jego daga ɗaki da gurgu daga zaure.

Sai suka yi aikin yadda ya tsara. Akwai ɗan maɓalli ɓoye a ƙarƙashin sitiyari, daidai gwiwar direba ta hagu. In an ta da mota ba a danna shi ba, za ta yi kilomita biyar lafiya lau, sannan mai ya fara yankewa, lasifikar tallan magani da ke kan rufi kuma ta kunna kanta. Da aka gama, Malam Wakili ya ɗauko Alƙur'ani daga gaban mota. Idrisa ya yi alwala ya dafa, ya ce ba zai faɗi sirrin nan da bakinsa ba, ba zai kuma taɓa maɓallin da hannunsa ba sai da izinin mai mota.

Yanzu ga shi a kujerar, maɓallin bai fi tsawon yatsa daga ƙafarsa ba.

Mamadu yana ta lissafin yadda za su tsallaka iyaka kafin azahar. Idrisa kuwa kilomita yake ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Ya ce a ransa sata daban, cin amana daban. Motar nan da bindiga aka ƙwace ta, a fili, kowa ya ga kowa. Wannan zunubi ne mai suna, ana iya tuba. Amma abin da mutum ya danƙa maka don ya yarda da kai fa? Uku. Wata zuciyar ta ce, kai da ka tare shi a hanya, wace amana ta saura? Ya ce mata ai bai san motarsa ba ce sai da ya gani. Huɗu.

"Kumandan," ya ce, "da mun ajiye motar nan mun nemi wata."

Mamadu ya dube shi. "Aljanu gare ta?"

"Kusan haka."

"Taka, dalla."

A can kwari, Malam Wakili ya shimfiɗa rigarsa ta sama a inuwa, ya zauna, ya kira jandarmomi a waya. Bayan ɗan lokaci Ajidan Amadu, babban jandarman yankin, ya iso a kan babur da wani jandarma a bayansa, ya ciro takarda da biro zai rubuta lambar mota da kamannin ɓarayi. Dattijon ya ce ya mai da biron aljihu.

"Shef, ku dai bi hanyar nan. Inda kuka ga mata suna gudu da galan babu komai a ciki, ku bi bayansu."

Kilomita ta biyar ta cika a bakin wani ƙauye, daidai rijiyar gari. Mota ta yi tari. Ta sake yi. Ta koma tafiyar macen jaki mai ciki. Sai wani abu ya ce ƙyarrr a kan rufi, muryar Malam Wakili ta cika sararin Allah:

"Jama'a, yau kyauta ne! Kyauta! Maganin basir, maganin shawara, maganin sanyin ƙashi — yau ba dala ɗari biyu ba ne, kyauta ne! Kowa ya zo da kwalbarsa!"

Mamadu ya daki rufin da hannu. "Kashe shi!"

Idrisa ya murɗa rediyo, ya murɗa fanka, ya kunna abin share gilashi. Ya san babu wanda zai yi aiki, shi ya haɗa wayoyin. Muryar ta sake ɗaukowa daga farko. Motar ta yi ajiyar zuciya ta tsaya cak.

Matan da ke rijiya suka zubar da ruwan da suka ja, suka sheƙo da galan. Maza suka bar gonaki da lauje a hannu. Amalanke uku masu tafiya kasuwa suka juyo. Wani tsoho da aka ce rabonsa da fita zaure tun bara ya iso kafin jikokinsa. Kafin Baffa ya gama tura bindiga ƙarƙashin tamfol, an kewaye motar, ba ta inda kaza za ta ratsa.

Mamadu ba wawa ba ne gaba ɗaya. Ya sassauta rawani, ya fito yana murmushi, ya ce su yaran Malam Wakili ne, Malam ba ya jin daɗi, shi ya aiko su sadaka. Ya ce a yi layi. Ya raɗa wa Baffa ya yi ta miƙa kwalabe, in kaya suka ƙare mutane za su watse. Baffa, wanda tun yana yaro ba a taɓa yi masa godiya ba, ya shiga rabo. Mata suna sa masa albarka, shi kuma har ya fara tambayar mutane inda ke musu ciwo.

Sai ga wata dattijuwa, Iya Zulai ungozomar garin, ta ratso layi da sandarta. Ta ce ita ba ta karɓar magani a hannun wanda ba ta sani ba. Malam Wakili kullum shi yake fara kurɓa a gaban jama'a. In dai yaransa ne, to a kurɓa.

Mamadu ya buɗe wata koriyar kwalba ya kurɓa kaɗan. Iya Zulai ta ce Malam ba haka yake yi ba, shanyewa yake. Ya shanye. Wani daga baya ya ce ai koriyar ta wankin ciki ce, cokali ɗaya ake sha bayan an tabbatar akwai makewayi kusa.

Mamadu ya koma cikin mota, ya jawo bindigar ta tagar baya ba tare da an lura ba, ya dasa bakinta a haƙarƙarin Idrisa. Murmushin yana nan a fuskarsa saboda masu leƙe.

"Tun a hanya ka ce a ajiye ta. Ka san wani abu."

"Na sani."

"To yi."

"Na dafa Alƙur'ani, Kumandan."

"Ni kuma na dafa kunamar bindigar nan. Zan ƙirga uku. Cikina ma ya fara ƙirga nasa."

Idrisa ya dubi ƙasan sitiyari. Daga nesa ya jiyo ƙarar babur. Ya tuna tsohuwarsa Fadi a Kwaya, wadda har gobe take gaya wa maƙwabta ɗanta yana gyaran motocin manya a birni. Fuskarsa a rufe take, ba wanda ya san shi a nan. In motar ta tashi, ko an tsira ko ba a tsira ba, sunan Fadi bai shiga ba. Ya maimaita rantsuwar a ransa kalma-kalma, kamar mai neman ƙofa a katanga. Da bakina. Da hannuna. Ya sake maimaitawa.

Ba a ambaci gwiwa ba.

"Biyu," in ji Mamadu.

Idrisa ya ce astagfirullahi a ƙasa-ƙasa, ya ɗaga hannuwansa duka biyu sama don Allah ya zama shaida, ya matsa ƙafar hagu. Ƙyas.

Tallan ya yanke. Jama'a suka ɗaga kai. Injin bai ce uffan ba. Sai lasifikar ta yi gyaran murya, muryar Malam Wakili ta dawo, a hankali wannan karon, kamar mai yi wa ɗansa faɗa:

"Idrisa makanike, ɗan Fadi ta Kwaya. Mu biyu muka san maɓallin nan, ni kuma ba na cikin motar. Jama'a, wannan motar sato ta aka yi. Ku riƙe min direban, kada ku dake shi da yawa."

Ta sake ɗaukowa daga farko. Idrisa makanike, ɗan Fadi ta Kwaya.

Mamadu ne ya fara motsi. Ya saki bindigar a ƙasan kujera, ya yi tsalle waje yana nuna Idrisa. "Ɓarawo! Shi ne shugaban — mu ma tare mu ya yi a hanya!" Ya kutsa cikin mutane, ya faɗa gonar gero. Baffa ya tsaya da kwalba a kowane hannu, yana tambayar wata mata ko za ta karɓa ko ya mayar. Maza shida suka zauna a kansa.

Idrisa bai gudu ba. Hannuwansa suna sama tun ɗazu, sai ya bar su a can. Haka Ajidan Amadu ya same shi, ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin ɓarawo mai saurin shiri irin wannan ba.

Kumandan bai yi nisa ba. Iya Zulai ta ce kada kowa ya wahala da gudu, koriyar kwalba ba ta barin mutum ya wuce kunya arba'in a gona. A kunya ta talatin da biyu aka same shi a tsugune, yana roƙon jandarma ya juya baya ya ba shi minti biyar. Sai da aka ba shi sau uku kafin a iso bakin hanya.

Da la'asar Malam Wakili ya iso a kan amalanke. Ya zagaya motarsa, ya leƙa katan-katan ɗin da aka rabar. Ya shiga, ya sa hannu wani wuri a bayan madubi, mota ta tashi kamar ba ita ba. Idrisa yana zaune a gindin rijiya da ankwa, an kware masa rawani, yana kallo.

"Baba, ka canza wurin."

"Washegarin ranar. Na kai ta Damagaram, wani ya mayar da shi can. Naka na bar shi, na sa masa saƙo."

"Wato tun ina dafe da Alƙur'ani ba ka yarda da ni ba. Shekara biyu kana yawo da sunana a kan rufin mota kana ce min ɓarawo, tun ban saci ko allura ba. Wannan ba zalunci ba ne?"

Dattijon ya sauko daga mota, ya tsaya a gabansa. Ya ce shi ma abin ya sha hana shi sukuni, har ya taɓa tambayar wani malami, malamin ya ce bai san babin da zai sa shi ba.

"Kuma ni ban karya rantsuwa ba," in ji Idrisa. "Da gwiwa na danna."

Ajidan Amadu ya tambaya ko ya rubuta wannan a takarda.

"Rubuta, shef," in ji Malam Wakili. Ya juya ga Idrisa. "Ɗana, saƙon nan shekara biyu yana kwance. Da ka riƙe ƙafarka, da har in mutu babu kunnen da zai ji shi. Da an kama wani mai rawani, an kai shi kaso, ba wanda ya san ɗan wane ne."

Mamadu ya samu shekara goma, Baffa bakwai, Idrisa biyar. Mutanen ƙauyen suka samu magani, galibinsu ba na ciwon da ke damunsu ba. Labari kuwa ya riga motar jandarma isa Kwaya, domin a cikin layin nan akwai mata huɗu da aka auro daga can.

Fadi ta je ganinsa sau ɗaya a gidan kaso, da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ya fara yi mata bayanin bambancin hannu da gwiwa, da yadda kalmomin rantsuwar suke. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce ita dai da ta haife shi, a haɗe ta haife shi, gwiwar da sauran jikin duka.