Ƙunshin Naman da Ba Nata Ba

A wani zamani can baya, a wani babban birni inda ko ruwan sha sai an saya, an yi wata mata mai wankau da 'ya'yanta mata biyu. Kullum da la'asar takan je kasuwa da ɗan abin da ta samu. Ta taya shinkafa, a ce albarka. Ta taya kifi, a ce albarka. Sai ta ƙare da wake da zogale da tumatirin da ya fara laushi, ta dafa yadda yaran za su ƙoshi.

Ran nan ta dawo gida tana fito da kaya, sai ga ƙunshin nama a kwandonta. Ashe mai tumatir ne ya saka nasa cefanen bisa kuskure.

Ƙaramar 'yar ta ce, "Inna, yau nama za mu ci?"

Rabonsu da nama tun kafin rasuwar mahaifinsu. Matar ta dubi ƙunshin, ta dubi yadda yaran suka rame. Har ta ɗauko wuƙa, sai ta ajiye.

Ta ce, "Ba namu ba ne."

Ta koma kasuwa ta mayar. Mai tumatir ya karɓa ya ce, "Madalla, baiwar Allah," ya juya wajen masu saye. Ko albasa bai ƙara mata ba.

Da ta iso gida, ta tarar babbar ta hura wuta ta ɗora wake, ƙaramar kuwa tana ta kuka. Uwar ta zauna tsinkar zogale, ta juya musu baya don kada su ga idonta.