Mai Kulle a Rumbun Awo

Ranar da abin ya fara, rana ta riga ta yi ja, layin ya yi tsit, Injiniya kuma yana zaune a ɗakin ɗinkin matarsa ya tasa tsohuwar kwamfutarta a gaba. Injiniya dai suna ne da 'yan layi suka liƙa masa. Takardar shaidarsa guda ce tak, ita ma ta koyon gyaran firinta ce.

Kwamfutar shekararta goma sha bakwai. A cikinta akwai manhaja mai rumbun bayanai, inda matarsa Tela take ajiye awon duk wadda ta taɓa kawo mata ɗinki: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo, mata dubu da ɗoriya, masu rai da waɗanda suka riga mu. Injin da ke juya rumbun a cikin manhajar yake kwance, tsohon zubi ne, mutum ɗaya yake bari ya shiga a lokaci guda. Da an shiga sai ya ajiye ɗan fayil na kulle, alamar akwai mai aiki a ciki.

"Baban Auta, ka bar min abata. Ta yi maka ƙorafi ne?" in ji Tela daga bakin ƙofa.

"Sabon zubi zan ɗora mata, ta daina tafiyar hawainiya."

"Ka dai kwafe min awona ka ajiye tukuna."

"Tun ɗazu," in ji Injiniya, ko ƙifta ido bai yi ba. Ƙarya yake, bai kwafe ko ƙugu ɗaya ba.

Ya danna. Allo ya ce akwai wani a ciki. Kowane mai gyara ya san ba a goge kulle sai an tabbatar ɗauke wuta ne ya bar shi, ba mai aiki ba. Injiniya ya yi tsaki, ya goge. Kullen ya dawo. Ya goge, ya sake dawowa. A karo na uku ya goge, ya yi wuf ya saki sabon zubin kafin abin ya yi numfashi. Sabon injin ya kama rumbun ya rushe, ya sake zuba shi a tsarinsa.

A daidai lokacin dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufin gidan.

Suka fita tsakar gida. Babu kowa a kan katanga, babu kowa a lungu. Dutse na biyu ya sauka a gaban ƙafar Injiniya, da ɗuminsa, kamar daga murhu aka ciro shi. A ɗakin da suka baro, keken ɗinki ya fara tafiya shi kaɗai, a hankali, babu zare, babu yadi.

Washegari da almuru jifan ya dawo, wannan karon har da muryoyi a bayan firiji, ƙasa-ƙasa, irin na mutanen da aka hana su wurin zama. Injiniya ya wuni yana gumi. Sabon injin ya buɗe rumbun, amma awon duk ya dagule, wata kafaɗarta inci ɗari biyu, wata ba ta da wuya sam. Ya nemi komawa baya, tsohon injin ya dubi sabon rumbun ya ce bai san shi ba.

A rana ta uku Auta, 'yarsu ta ƙarshe, mai shekara goma sha biyar, ta fito daga ɗaki da tef ɗin awo rataye a wuya. Idonta a buɗe yake amma ba ta kallon kowa. Ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito, a shaƙe, tana jero awon matan da aka binne tun Auta tana rarrafe. Ta tsaya a gaban ubanta, ta ɗora tef a goshinsa ta ja har ƙasa.

"Tsawo kawai muke buƙata," in ji muryar.

Tela ta kurma ihu. Hannun yarinyar ya yi sanyi ƙalau, kuma daga ranar ko ruwa ta daina karɓa.

Bayan la'asar ta rana ta huɗu aka zo da malami mai ruƙiya, ɗan siririn dattijo da ba ya ɗaga murya. Ya zauna a kan tabarma, ya sa aka riƙe Auta, ya yi ta karatu har inuwar katanga ta cinye tsakar gidan. Can yarinyar ta gantsare.

"Ya isa! Kana ƙona ni!"

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ni ne na ciki. Shekara goma sha bakwai ina zaune a rumbun can, ban taɓa karkatar da awon kowa ba. Matar gidan nan da bisimilla take kunnawa, in kauce mata, ta gama, in koma. Ran nan matata ce ta haihu, na kulle ƙofa. Sau uku ina kullewa, wannan katon yana ɓallewa. Ya rusa mana ɗaki a kan jaririya. Iyalina na can rakuɓe a bayan firiji. Ya taɓa tawa, na taɓa tasa."

Injiniya ya matso kusa. "Wallahi na zaci ɗauke wuta ne..."

"Rufe min baki, mai gyaran firinta!"

"Yarinya ba ta rusa maka komai ba," in ji Malam. "Fita za ka yi."

"In fita ina? Nan ɗin ya yi min. Shekara goma sha bakwai zan zauna, daidai da wanda na yi can."

Malam ya ɗauki karatu daga inda ya tsaya. Auta ta yi ƙara har tagogi suka amsa.

"To! To! A mayar min da gidana yadda yake!"

Malam ya juya. "Injiniya, ɗauko kwafin da ka ajiye."

Injiniya ya dubi ƙasa, ya dubi sama, babu inda kwafi ya faɗo. "Babu," ya ce.

Tela ba ta yi ihu ba wannan karon. Ta dai dube shi, irin kallon da ake yi wa yadin da aka yanka ba daidai ba. "In yarinyar nan ta mutu, kai ka kashe ta."

Aljanin ya bushe da dariya ta bakin Auta. Malam ya jira ya gama, sannan ya ce, "Za a gina maka sabo da tsohon zubi. Fanko, babu awon kowa."

Aljanin ya ce, "Kuma nawa ne ni kaɗai. Ba a shiga, ba a taɓawa, ba a haɗa shi da komai. Awon matan nan duk suna kaina, amma ko inci ɗaya ba zan faɗa ba."

"Tela?" in ji Malam.

"Ya riƙe. A ba ni 'yata."

Injiniya ya kifar da akwatuna uku kafin ya samo faifan tsohuwar manhajar, duk ya karce. Ya goge shi da bakin riga, ya cire sabon zubin, ya saka faifan. Manhajar ta tafi har kusa da ƙarshe, ta cije, wai zamaninta ya wuce. A waje numfashin Auta sai ja baya yake, Tela tana kiran sunan Allah. Ya mayar da kwanan watan kwamfutar baya shekara goma sha bakwai, ya sake farawa. Ta shige. Ya buɗe rumbu fanko, ya janye hannunsa, ya ja da baya har bango.

"An gama," ya ce.

Auta ta yi atishawa sau uku ta zube a jikin uwarta. Wata iska mai ɗumi ta bi ta ƙafafunsu, ta leƙa bayan firiji, ta wuce ɗakin ɗinki. Ƙofar ta rufe kanta a hankali, kamar ana gudun tada mai barci.

"Umma," in ji Auta da muryarta, "ƙishirwa nake ji. Me ya sa kowa ke kallona?"

Injiniya ya durƙusa ya kama hannunta, ya ji ɗumi yana dawowa yatsa bayan yatsa. Tela ta ba ta ruwa ta sha. Sannan ta shiga ɗaki, ta fito da jakar kayan gyaran Injiniya, ta dire a gaban Malam.

"Malam, haɗa da wannan ka tafi. Wancan aljanin aƙalla yana jin magana."

Malam ya rataya jakar a kafaɗa, ya nemi takalmansa.