Tushen da Baba Ya Hana a Tsinke

"Ka kashe min irin Mama!" na faɗa, na dangwarar da gwangwanin a kan teburin Mai iri.

Ya ajiye butar ban-ruwa ya leƙa. Ƙwayoyin ɗaɗɗoyar da ya ce in barbaɗa a saman ƙasa kar in binne, duk sun kumbura sun yi wani farin yauƙi.

"Auta, ba ruɓa ba ce. Haka take yi in ta sha ruwa. Ba ta kwana biyar."

"In ba ta fito ba fa?"

"Sai ki zo ki rushe rumfar. Amma in ta fito, ki ba ni amsata..."

Na galla masa harara. Sau uku yana neman aurena, sau uku ina cewa, wa zai kula da Baba? Tun rasuwar Mama, Baba ba ya cin abinci sai ya ji ƙamshin ɗaɗɗoyarta a miya. Ta kasuwa kuwa, cokali ɗaya zai ture kwanon. Tushen da Mama ta shuka ya bushe, ɗan ƙullin irin da ta bari a tsumma kaɗai ya rage min.

Rana ta biyar na buɗe tagar kicin, sai na ƙame. Ikon Allah! Ganye bibbiyu kamar kunnen ɓera sun cika gwangwanin. Na durƙusa ina kallo har ruwan shayi ya ƙone.

Mai iri ya koya min sauran. Duk mako biyu in shuka sabon gwangwani, don kar ganyen ya yanke mana. In ta kai tsawon tafin hannu, in tsinke kanta.

"In tsinke? Ba ka da imani!"

"Tsinke ki gani, masoyiya. Kar ki bari ta yi fure, in ta yi ta gama ba ki ganye."

Na tsinke ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama huɗu. Wallahi har tsoro abin ya ba ni. Gwangwani shida suka jeru a taga, Baba ya koma neman ƙari, ni kuma na ci gaba da ce wa bawan Allahn nan ya ƙara haƙuri, alhali ina son sa kamar raina.

Ranar da na zo shuka na bakwai, na kwance tsumman na kakkaɓe. Babu ko ƙwaya! Na juya zan tsinke babban tushen don in huce, sai na ga an ɗaura masa jan zare.

"Kar ki taɓa wannan," in ji Baba daga bakin ƙofa.

"Baba, zai yi fure..."

"To da fa? Ke kina tsammanin daga ina uwarki ta samo abin da ke cikin tsumman? Kullum tana barin guda ɗaya."

Muka sa wa tushen ido. Ya miƙe ya fitar da ƙananan furanni farare, ƙudan zuma suka riƙa zuwa har tagarmu da ke hawa na uku na bene. Da suka bushe, Baba ya murza su a tafinsa, baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo, sun fi na Mama yawa nesa ba kusa ba. Da kansa ya barbaɗa su a gwangwani, bai binne ba. Ashe duk watannin nan yana kallona!

"Kin ga na iya," ya ce, idonsa ya ciko. "Shekara biyu ina tsinke ki don in ci miya, Auta. Ki yafe min."

"Baba..."

Ya kwance jan zaren ya ɗaura min a hannu.

"Je ki ba yaron nan amsarsa. Ki ce ya zo ya same ni."

Ban ma tsaya neman ɗayan takalmina ba.