Koren Akwatin Canal Street

Gab da magariba, a shekarar 1971, Shitu direban ofishin jakadanci ya shiga wani shagon gwanjon kayan soja a titin Canal Street, can Amurka. Akwatin ƙarfe yake nema, na aika kaya gida.

Mai shagon wani tsohon Ba'amurke ne, rabin fuskarsa duk tabon wuta. Ya sauka da Shitu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya nuna masa wani koren akwati mai tsatsa.

"Daga wani ɗan tsibiri na taho da shi, lokacin yaƙin Japan," in ji tsohon. "Mutanen wurin sun ɓuya a kogo, mata da yara. Wai kogon yana da masu shi, ba a taɓa wanda ya fake ciki." Ya yi dariya. "Muka tura musu wuta. Da ta mutu na shiga na ɗauko wannan. Har yau ban buɗe ba."

Tsohon ya sa guduma ya fasa kwaɗon.

Jiƙaƙƙen yashi ne fal a ciki. Ƙarnin teku ya taso, da warin fetur, da ƙaurin gashi. Ƙarar motocin titi ta ɗauke ɗif. Daga can ƙasan yashin, jariri yana kuka.

"Rufe shi," Shitu ya faɗa cikin raɗa.

Wani hannu ya ɓullo, baƙi ƙirin kamar gawayi, ya cafki maƙogwaron tsohon. Wasu suka biyo baya, ƙanana. Suka fizgo shi ta ka zuwa cikin akwatin.

Akwatin bai isa ya ci mutum ba. Shitu ya ji kafaɗun suna karyewa, sannan haƙarƙari. Jini mai ɗumi ya fantsamo masa a baki.

Ya fara Ayatul Kursiyyu, harshensa ya sarƙe. Ya ruga matakala.

Wani ɗan hannu ya riƙe masa idon sawu. Zafi kamar garwashi.

"Kana cikin waɗanda suka ƙone mu?" Muryar yarinya ce, da Hausa.

"A'a. Wallahi a'a."



Ya fizge ƙafar, fatar ta zauna a hannun. Da rarrafe ya fito titi.

'Yan sanda sun tarar da akwatin a bushe, babu komai ciki. Ba a sake ganin tsohon ba.

Shitu ya bar tuƙi, don ƙafar ba ta ƙara taka birki ba. Ciwon bai rufe ba har ya mutu. Duk safiya in matarsa Halimatu ta zo wanke masa, sai ta fitar da yashi.