Tukunyar Ganye

Amarya tana kicin tana yanka kabeji ta ji sallamar surukarta a falo. Kafin ta goge hannu ta fito, Umma har ta iso bakin murhu ta ɗaga murfin tukunya.

"Sannu da zuwa Umma, ina wuni?"

"Lafiya lau. Wannan fa? Awaki kuka fara kiwo ban sani ba?"

"Abincin rana ne Umma. Alayyahu ne da kuɓewa, sai ƙwai da zan soya wa maigida da waken soya."

"Ina shinkafar?"

Amarya ta sunkuyar da kai. Umma ta mayar da murfin da ƙarfi, ta koma falo tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin gidan da ake yi wa maigida horon yunwa ba sai wannan.

Mijin Amarya shi ne ɗan autan Umma, kowa Auta yake kiransa, har masu kawo masa gyaran firij a shago. Tun yana ƙarami nama ba ya zama a cikinsa, kifi kuwa ko warinsa ba ya so. Umma ta sha gorin dangi a kan za ta raini ɗa kamar sillen kara, sai ta ɗaura ɗamara. Burodi da shayi mai kauri da safe, shinkafa ko taliya da rana, lemon kwalba a kai a kai, har Auta ya yi kumatu ya ajiye tumbi. Wannan ƙibar ita ce abin alfaharin Umma a duniya. Ko a ina aka zauna sai ta ce, "Ku dube shi, ko tsoka ɗaya bai taɓa ci ba."

To kwanakin baya sai ƙishirwa ta sa Auta a gaba, ga yawan fitsari, ga kasala. Amarya ta matsa masa suka je asibiti, aka yi tes, likita ta ce ciwon suga ne. Ta rubuta masa ƙwayoyi, ta ce ya rage shinkafa da burodi da taliya sosai, ya rabu da lemon kwalba, ya riƙa tafiyar ƙafa. Da ta ji ba ya cin nama, ta ce ba matsala, ganye da ƙwai da gyaɗa da waken soya za su riƙe shi. A hanyar dawowa Auta ya kama hannun matarsa.

"Alfarma ɗaya nake nema. Kada Umma ta ji. Kin san ciwon nan ne ya cinye ƙafar Baba kafin ya rasu, ita kuma ga hawan jini. In ta ji faɗuwa za ta yi."

Amarya ta yi alkawari, don tana son mijinta kamar ranta. Ta koyi girki sabo fil. Ita da a da sai an yi da gaske take cin salak, ta ajiye nata kwanon shinkafar ta koma cin abin da yake ci, don kada ya zauna yana kallon bakinta. Auta ya fara samun ƙarfi, barci ya dawo, tumbin ya soma sauka, har ya huda wa bel ɗinsa sabon rami. Shi da matarsa murna suke yi, amma a idon Umma aikin shekaru ne wata 'yar mutane ta zo tana rushe mata.

Maganganu suka fara yawo a dangi. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce Amarya ta ɗauko yayin 'yan waya na rage ƙiba, wasu ma suka ce ta shanye shi. Ta ji duka, ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta koma kicin.

Abin da ya fi damunta ma ba gorin ba ne. Kullum da safe ita take huda masa yatsa ta ɗiga jinin a 'yar na'urar awo, kuma lambar da ta yi ta sauka sai ga ta tana hawa. Ta zargi gyaɗa ta rage, ta zargi tumatir ta cire, ta daina sa albasa da yawa, har abincin ya koma lami. Auta sai dai ya kau da kai ya ce, "Ƙila mashin ɗin ne ya samu matsala."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Wata rana ya manta kular abincinsa a gida, ta yafa mayafi ta bi shi da ita shago. A bayan wani tsohon firij ta same shi zaune a kan benci, gabansa faranti shaƙe da shinkafa da taliya, ga lemo mai sanyi, ga Umma a kujera tana yi masa fifita.

"Ci Autana, ci ka mayar da jikinka."

Cokalin ya tsaya a hannunsa. Umma ta dubi Amarya daga sama har ƙasa.

"Gara da kika zo. Tunda ke kin kasa, ni ban mutu ba. Ki je ki haɗa kayanki, anjima zan zo in raka ki gidanku. In kin koyi ciyar da miji kya dawo."

Maganar tana bakin Amarya, kalma biyu kawai za ta faɗa ta wanke kanta. Ta dubi mijinta, shi kuwa ya dubi ƙasa. Ta ajiye kular a kan benci ta ce, "To Umma," ta juya.

Tana cikin ninke kaya a akwati ya shigo yana haki.

"Don Allah ki tsaya. Wallahi ba na iya mayar mata da hannu baya, uwata ce. In na ƙi ci kuka take yi."

"Ni ma ina yi ai, a ɗaki ne dai ba ka gani." Ta share ido da bakin mayafi. "Yallaɓai, zagi ban damu da shi ba, in a kanka ne ko shekara za a yi ana yi zan ɗauka. Amma in na tafi wa zai hana ka? Kana tsoron ta ji labarin ciwo ta faɗi. Ranar da za a kira ta asibiti a ce ƙafarka za a yanke, kuma abincin hannunta ne sila, yaya za ta yi? Ni na riƙe alkawarina, ba za ta ji a bakina ba. Saura kai."

Auta ya zauna a bakin gado ya dafe kai.

Bayan la'asar Umma ta iso, ta tarar da akwati a tsakar falo. Auta ya durƙusa a gabanta, ya buɗe 'yar jakar na'urar, ya huda yatsansa da kansa. Bai kai ga yin bayani ba Umma ta dafe ƙirji. Ta san abin nan sarai, ta yi shekaru tana riƙe wa mahaifinsa irinta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, tun yaushe?"

Ya faɗa mata komai, tun daga ranar asibiti, da roƙon da ya yi wa matarsa, da yadda awon ya sauka sannan ya sake tashi tun da aka fara kai masa abinci shago. Amarya ta matso da ruwa tana jiran faɗuwar da aka yi ta tsoro. Umma ba ta faɗi ba. Hawaye ne kawai suka zubo mata, sannan ta kai hannu ta murɗe kunnen ɗanta kamar yana ɗan firamare.

"Shashasha kawai. Ni da na yi jinyar ubanka, ni za ka ɓoye wa? Ka zuba ido ina ɗura maka abin da zai kashe ka, ina zagin 'yar mutane a kan tana ceton ranka?"

Ta juya wajen Amarya.

"Ke kuma duk abin da na faɗa miki kika haɗiye?"

"Ba komai Umma, son da kike masa ne."

"Da komai 'yata. Ki yafe mini. Uban yaron nan sai da ciwo ya ci ƙarfinsa muka gane, nawa ɗan kuwa Allah ya ba shi wadda ta tare abin tun da wuri. Na gode, na gode, Allah ya ba ki masu yi miki."

Amarya ta fashe da kuka, na daɗi wannan karon. Auta ya miƙe zai ɗauki akwatin, Umma ta buge masa hannu. Ita da ko jakar hannunta sai an riƙe mata, ta kama akwatin nan tana ja tana nishi har cikin ɗaki, ta buɗe shi, ta riƙa fito da kayan surukarta ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a durowa.

Ciwon Auta bai tafi ba, don ba irin mai tafiya ba ne, amma ya kwanta, likita ma ta yaba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, wanda ya ɓoye wa nasa ciwo don tausayi yakan jawo musu abin da ya fi ciwon zafi. Macen da ta yi haƙuri a kan gaskiya kuwa, ko an daɗe, wanda ya kore ta shi zai mayar da ita ɗakinta da hannunsa.