Jan Kala Ya Ƙare a Ajin Malama

Ranar da Malama ta fara shiga shagon mai zane, hotuna ta je nema, ba miji ba. Yaranta na makarantar Lahadi sun gaji da sauraro, sai ta ga gara a zana musu labaran su shafa kala. Mai zanen ya ɗago kai ya dube ta, fenti na ɗiga a takalminsa bai sani ba.

"Rami nake so, da zakuna, da mutum a tsakiya," in ji ta.

"Zakunan masu yunwa ko ƙosassu?"

Ta yi dariya, shi ke nan an gama da shi. Kowane mako sai ya zana, ita ta kai aji. Saƙonnin waya kuwa ba a magana.

"Malamata, na gama jirgin ruwan. Dabbobi duk biyu-biyu, ni kaɗai ne ba ni da ta biyu."

"Mai Zanena, yi haƙuri, ruwan bai sauko ba tukuna."

Babanta, dattijon ikilisiya, ya ce atafau ba zai ba mai wasa da kala 'yarsa ba. Yayanta kuwa mai walda ne, zuciyarsa ta fi wutar aikinsa zafi, kuma tuni ya yi wa abokinsa mai sayar da ƙarafa alkawarinta.

Wata rana da yamma Yaya da abokin nasa suka dira a shagon ba sallama. Suka yi ƙwallo da gwangwanayen fenti, suka tattake wayar mai zanen. Abokin ya shaƙe shi ta baya, Yaya ya danne masa hannun dama a kan tebur ya sauke masa rodi har ƙashi ya yi ƙara. Jini da jan fenti suka gauraye a ƙasa.

"Ka ƙara kallon ƙanwata, ɗayan ma sai na karya!"

Malama ba ta san wainar da aka toya ba. Ta aika: "Lafiya? Shagonka a rufe." Shiru. Ta ƙara: "In ka gaji da ni, faɗa mini." Shiru. Yaya ya ce ai ya bi wata, baiwar Allah kuwa ta yarda, ta sha kuka har idonta ya kumbura.

Zane ɗaya ya rage mata: yaron nan mai riga mai launi-launi, 'yan'uwansa sun rufar masa a bakin rijiya. Ran Lahadi ta raba wa aji. 'Yar Yayanta, wadda ake kira Aku saboda surutu, ta ƙwace jan kala ta murje shi tas.

A cocin, kafin a tashi, yara kan fito gaba kowa ya nuna aikinsa. Aku ta ɗaga nata. Babban wan yaron ta sa masa shuɗin kayan aiki da baƙin gilashin walda, ga rodi a hannu. Hannun yaron kuwa ja wur.

"Wane ne wannan, 'yata?" Fasto ya tambaya.

"Babana ne. Ya ce in jira a kan babur, ni kuwa na leƙa. Wannan Kawu Mai Zane ne, yana ta ihu."

Baba ya miƙe, ya shaƙo wuyan rigar Yaya, ya kwaɗa masa marin da ya kifar da shi tsakanin bencina. Malama ba ta tsaya ganin ƙarshe ba, ta fita da gudu ko takalmi babu.

Ta sami mai zanen kwance a ɗakinsa, hannun a ɗaure da karare.

"Me ya sa ka ɓoye mini?"

"Ɗan'uwanki ne, Malamata. Ban so ki zaɓa tsakaninmu ba."

"Ai na riga na zaɓa," ta ce, hawaye na zuba.

Mai ɗori ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Mai zanen ya koma koyon zane da hagu, ita tana danne masa takarda. Baba da ƙafarsa ya zo, ya cire hula, ya ce, "Ɗana, na ba ka ita."

Ranar bikin da hagu ya sa mata zobe. Yaya na can bencin baya, kai a sunkuye. Ango ya taka har wurinsa ya miƙa masa hannun nan na dama, ƙaton mutum ya riƙe shi ya fashe da kuka. Yara suka ɗaga sabon hoton jirgin ruwa da ya zana da hagu, layukansa a karkace, ga mutum biyu a ƙofa.

"Ubangiji ya haɗa, kada hannun kowa ya raba," in ji Fasto. Amin ɗin Aku ya fi na kowa ƙarfi.